Tsakanin tsohuwar Kombi da Hiace: wadda za ku gyara da yara

Malam, tun da burinka mota ce da za ku farfaɗo da ita kai da yaranka, ku sa mata gado da wurin ajiyar kaya, to ka nemi Volkswagen Kombi, ka bar Hiace.

Tawa ta fito ne daga gidan kawuna a Tambuwal, inda ta yi shekaru a ƙarƙashin dogon yaro, kaji suna ƙwai a cikinta. Abin da ya sa ta dace da aikin iyali shi ne injinta yana baya, iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireto balle tiyon ruwa, kuma kusoshi huɗu ne suke haɗa shi da giya. Da jak muka sauke shi a ƙofar gida, babban ɗana yana kwance kabireta, ƙannensa suna wanke kusoshi da kananzir, uwargida kuma ta ɗinka labule da rigunan katifa. Ranar da injin ya tashi, yaran unguwa sun bi mu da gudu har bakin titi.

Za a ce maka zafin Sakkwato, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, zai kashe injin da ba ya shan ruwa. Gaskiya ne idan an yi sakaci. Dole ne gwangwanin da ke kewaye da injin da robar da ke rufe gefensa su kasance cikakku, domin idan babu su, fanka iska mai zafi za ta riƙa zuƙowa. Injin Kombi mai girman 1600cc ba shi da matatar baƙin mai sai 'yar rariya, saboda haka ana juye man duk bayan kilomita 5,000 ko ƙasa da haka a lokacin ƙurar hunturu. Kada ka bar gari ba tare da fambel (bel ɗin da ke juya fanka) na ajiya ba, kuma idan ya tsinke a hanyar Argungu, ka kashe motar nan take. Kayan gyara ba su yanke ba, domin a Brazil sai a 2013 aka daina ƙera ta, kuma an taɓa haɗa motocin Volkswagen a Legas tun 1975; sai dai wani lokaci za ka jira saƙo daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Ladipo a Legas.

Hiace kuwa ta fi gudu, kowane bakanike ya san ta, kayanta suna ko'ina. Amma mafi yawan tsofaffin da ake sayarwa 'yan haya sun gama tatse su, kuma injinta yana ƙarƙashin kujerar direba, inda yaro ba zai ga abin da ake yi ba.

Ka yi hattara da dillalai. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cika cin mota ba, amma wadda ta zauna a Legas ko Kwatano takan ruɓe daga ƙasa, sai fanabita ya cike ramukan ya fesa sabon fenti. Ka tafi da maganaɗisu, ka bi ƙasan ƙofofi da shi. Duk inda bai kama ba, ciko ne. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka duba wurin batir, sannan ka gwada lambar shasi da ta takardu kafin ka ba da ko kafin alƙalami.