Yaya, ga irin dakon da muke yi a bakin teku

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya su Inna da yara, da fatan an gama kakkaɓar riɗi lafiya. Ka ce in faɗa maka aikin da nake yi a nan Kalifoniya, to dako ne fa, amma ba da ka ake ɗauka ba. Sitonmu yana kusa da tashar jiragen ruwa ta Long Beach, wadda take manne da ta Los Anjalas.

Kwantenar da take zuwa daga Chana ƙafa 40 ce, ita kuwa tirelar da take yawo cikin Amurka ƙafa 53 ce, shi ya sa sau da yawa ba sa jan kwantenar jirgi zuwa can cikin ƙasa, sai a kawo mana ita da asuba sanyi na kaɗawa, mu datse hatimin ƙofa da ƙaton almakashi, mu jera katan-katan a kan katako, mai fokilif, wato motar ɗaga kaya, ya sa cokulansa ya ɗaga ya zura a tirela. Kayan kwantena 3 suna shigewa tirela 2. Ka ga an rage direba ɗaya da man mota ɗaya kenan, kuma kwantenar ta koma tasha da wuri kafin kuɗin jira ya hau kan mai kaya. A nan muke ware kayan ma, takalman Shikago daban, na Dalas daban, kowane katan sai na haska masa na'ura ta yi ƙara kafin ya wuce, mai kaya yana zaune a ofis ya san inda kayansa suke. Wasu kuma jirgin ƙasa ke kwasa ta layin Alameda da aka buɗe a 2002.

Wallahi kullum na rufe tirela sai na tuna zoɓonka na bara, da aka loda daga Maigatari aka sauke a Dawanau aka sake lodawa, motar ta je Legas ta yi kwana da kwanaki a layi, damina ta taɓa buhunan ƙasa, ribar duk ta tafi a hanya. Abin yana ci mini rai har yau, don zoɓon Jigawa ba shi da na biyu.

Su ma nan sun sha cunkoso a 2021, jirage sun yi ta jira a teku, amma sito da layin dogo suna nan suna rage nauyi.

Don Allah in ka shiga Kano ka leƙa tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda Buhari ya buɗe a 2023, ka tambayo nawa ake cika kwantena ɗaya ta riɗi a rufe ta tun daga can. Ka turo min farashin ta WhatsApp, in abin zai yiwu sai mu haɗa kuɗi bana. A gaida Inna, a ce mata saƙonta na kuka da daddawa ya iso.