Neo4j a hannuna: zuba bayanai ba wuya, gogewa ce sai da lura

Ni ke riƙe da bayanan wata ƙungiyar 'yan albasa a Aboabo, nan Kumasi, kuma da Neo4j nake aikin, manhajar ajiye bayanai da asalinta daga Suwidin ne. Kowane mutum ƙulli ne a cikinta, kowace hulɗa kuma igiya: wa ya tsaya wa wa, wa ke bin wa bashi, wace mota ta sauke wa wa buhuna daga Galmi. Ta wannan fuskar, madalla.

Goge bayanai ne ke sa mutum gumi. Wani dattijo ya bar sana'ar, ya ce a cire sunansa, dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012 ma ta tanadi neman hakan. Da na rubuta DELETE, umarnin gogewa, sai jan rubutu ya fito: ba za a goge ba, akwai igiyoyi a jikinsa. Ni wannan ƙin ya burge ni, don da ta yarda da an bar bashi yana lilo babu mai shi. Maganin shi ne DETACH DELETE, mai tsinke igiyoyin ya tafi da ƙullin. Amma fa a fara leƙa abin da ke ɗaure da mutumin. Dattijon nan yana bin yara biyu kuɗin buhu, kuma umarnin ba ya tambaya, ba ya dawo da abin da ya ɗauke. Sai da na mayar da bin bashin hannun ɗansa tukuna.

Share tsofaffin rasit masu yawa a zama ɗaya kuwa cika ƙwaƙwalwar kwamfuta yake yi, aikin ya tsaya da kuskure. Tun fitowar Neo4j 4.4 a 2021 akwai CALL IN TRANSACTIONS, mai gogewa kashi-kashi, dubu-dubu idan ba ka faɗi adadi ba. Ko an ɗauke wuta a tsakiya, abin da ya tafi ya tafi, sai ka sake kunnawa ka ƙarasa saura.

Kada ka jira wurin da bayanan suka ci a faifan kwamfuta ya ragu bayan shara, gurbin ake adanawa don sababbin bayanai. Har lambar ciki da manhajar ta bai wa wanda aka goge ana iya bai wa sabon shiga, shi ya sa na hana sakatarenmu rubuta ta a littafin adashi. Kowane mamba lambar ƙungiya muka yanka masa.