Bango, ƙofar ƙarfe ko gilashi: wanne ke tare harsashin doguwar bindiga?

Kafin ka kashe kuɗi wajen ware ɗakin da iyali za su fake, ka sani harsashin ƙaramar bindiga daban, na doguwa daban. Na ƙaramar bindiga mai 9mm yana fita da gudun kusan mita 360 a daƙiƙa, na AK-47 ya haura 700, na doguwar bindiga mai 5.56mm kuwa yakan wuce 900. Ƙofar katako, katifa, firij, har ƙofar mota, ɓoye ka kawai suke yi daga ido. Harsashin ratsa su yake yi ya ci gaba da tafiya.

Ni dai zaɓina bango ne, amma ba kowane bango ba. Bulo mai rami a ciki yaudara ce: ka ƙwanƙwasa shi za ka ji yana amsawa kamar ganga, kuma harsashi na farko zai iya fasa shi, na biyu ya bi ta gurbin. Abin da nake so shi ne a zura rodi a ramukan, a cika su da kankare har sama. Ka tsaya a kan magini lokacin zubin, domin wasu baki kawai suke toshewa su bar cikin fanko. In ba ka kai ga haka ba, yashi ma ba abin rainawa ba ne. Sojoji ba don wasa suke jera buhunan yashi ba: ƙwayoyinsa suna cinye ƙarfin harsashi, su karya shi, kuma ba ya tsagewa kamar bulo. Sai dai ya zama busasshe, an danne shi da kyau.

Allunan zaren gilashi da ake mannawa a bango suna aiki, amma masu tare doguwar bindiga nauyi gare su da tsada. Gilashi kuwa, ɗakin fakewa bai buƙatar taga mai faɗi.

Ƙofa ce ta taɓa cuta ta. Na sayi wadda aka rantse mini harsashi ba ya huda ta, ga nauyi ga fenti mai sheƙi. Ranar da aka zo sauya makulli, na ga abin huji ya nutse cikinta kamar a sabulu: falle biyu ne na ƙarfe marar kauri, an cusa soso a tsakani. Har yau raina na ɓaci in na tuna mun kwana bayanta da kwanciyar hankali. Ko ƙarfe na gama-gari mai kaurin milimita 6, doguwar bindiga na huda shi. Sai wanda aka ƙarfafa musamman, irin AR500.

Don haka kada kalmar "sulke" ta rufe maka ido, ka nemi lamba. A ma'aunin Turai, ƙofa tana da matakan ƙarfi daga FB1 zuwa FB7, gilashi BR1 zuwa BR7, kuma daga 5 ne ake maganar irin su 5.56. A ma'aunin UL 752 na Amurka, mataki na 1 zuwa 3 na ƙananan bindigogi ne kawai. Masu ha'inci sukan nuna takardar gwajin wata ƙofa su sayar maka da wata. Wasu leda suke manna wa gilashi su ce ya zama sulke, alhali ledar hana tarwatsewa kawai take yi. Ka duba ko samfurin da ke takardar shi ne a jikin ƙofar, ka kuma tambaya ko an gwada ta tare da firem da makullinta, domin ta nan ake rage kaya.