TS9 ko BD-2 a gaban amfilifaya mai bawul

Ibanez TS9 da Boss BD-2 fedal ne, wato ƙananan na'urori da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya don su ƙara wa sauti kaushi. Bawul kuwa ƙananan kwalaben gilashi ne a cikin amfilifaya masu ƙara ƙarfin sauti. TS9 yana rage kaurin sauti, ya turo sautin tsakiya, wanda ke tsakanin mai kauri da siriri, wajen 720 Hz (ma'aunin kaifin sauti), shi ya sa jita ke fitowa fili a cikin taron kayan kiɗa. Boss BD-2 kuwa yana barin kaurin yadda yake, kuma da ka sassauta ƙarar jita sai sautin ya washe. Amma in amfilifaya ta riga ta fara kaushin sauti da kanta, BD-2 kan cakuɗa kaurin sautin. A nan TS9 ya fi.

Gunji fa? Kar ka yi saurin zargin fedal. Cire adaftar da ke ba fedal wuta, ka sa batir mai bolt 9. In ya yi shiru, laifin wuta ne, musamman waya ɗaya mai ciyar da fedal uku. In gunjin yana sauyawa kana juya jita, maganaɗisu mai naɗin waya ɗaya da ke ɗaukar sautin tsirkiyar jita ne ke kwaso shi.