Kafet ɗin Ƙaramin Jirgin Kamun Kifi: Mai Oza 20 Ya Fi, Amma Ba a Ko'ina Ba

Kafet ɗin da ake yi wa ƙananan jiragen kamun kifi, na alminiyom ko na faiba masu tsawon ƙafa 12 zuwa 16, yawanci da ma'aunin Amurka ake sayar da shi, don can kasuwarsa ta fi ƙarfi. Ana faɗin nauyin gashinsa da oza a kowane yadi murabba'i: 16, 20, 24, wani lokaci 28. Mai oza 16 ya kai kusan giram 540 a mita murabba'i, mai 20 kusan giram 680. Faɗin naɗin kuma ƙafa 6 ne ko 8. Idan mai shago ya kasa gaya maka waɗannan lambobin, ko ya ce duk ɗaya ne da na ɗaki, ka nemi wani shagon.

Hukuncinmu shi ne, mai oza 20, na zaren folifirofilin (wani nau'in zaren roba), mai bayan roba, mai yankakken gashi, shi ya fi dacewa da dandamalin gaba da na baya inda mai fatsa ke tsayawa. A ƙasan tsakiyar jirgi kuwa, inda ruwa da kifi ke taruwa, da sauran magana.

Zaren shi ne farkon abin dubawa. Folifirofilin, wanda wasu kamfanoni ke rubutawa olefin a takardar kaya, ba ya shan ruwa. Ruwan yana maƙalewa ne a tsakanin gashi, rana na fitowa ya bushe. Launinsa ma tun a narke ake zuba shi cikin zaren, shi ya sa ko an wanke da ruwan bilic mai sauƙi ba ya koɗewa. Kafet ɗin ɗaki na nailan yana riƙe damshi, wani kuma bayansa irin zaren buhun algarara ne, damina ɗaya ta ishe shi ya yi funfuna ya ruɓe. Gwajin ba wuya: ciro ɗan gashi ka nutsa shi a kofin ruwa har ya jiƙe sosai. Folifirofilin ya fi ruwa rashin nauyi, zai taso sama, nailan kuma ya nutse. Aibin folifirofilin biyu ne. Yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 165 na ma'aunin Salshiyos ba, don haka guntun taba ko garwashi zai bar masa tabo mai tauri har abada. Yana kuma jan mai, baƙin man inji in ya zuba sai an sha wahala kafin ya fita.

Sai saƙa, kuma nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Akwai mai gashi a lanƙwashe kamar tawul, akwai wanda aka yanke kan gashin. Na farkon ya fi kyan gani a shago, ya fi jure taku, amma duk ƙugiyar da ta faɗi sai ta sarƙe a ciki, musamman mai baki uku. Kana fizgowa zare ya biyo ta, layi guda ya warware tun daga nan har gefe. Ka je shago da ƙugiya a aljihu, ka ja ta a kan samfurin, nan take za ka gani. Ka kuma naɗe samfurin gida biyu, gashi a waje. Idan roba ta leƙo fili a wurin lanƙwasar, haka za ta leƙo a kowane gefen murfin ma'ajin kaya da ka naɗe.

Wannan gwajin shi ne ke kayar da mai oza 16. Yana da araha, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, ya dace da bangon ciki da cikin ma'ajin kaya, amma a wurin da ƙafa ke yawan juyawa, gindin kujera ko gaban inji, nan da nan yake kwantawa ya yi sanƙo. Mai 24 da 28 kuwa akwai daɗin taku, sai dai suna riƙe ruwa da yashi da yawa, suna jinkirin bushewa, ga matsalar murfi. Kowane murfin ma'aji ana naɗe kafet a gefensa, ana kuma naɗewa a bakin ramin, kauri biyu ke nan a kowane ɓangare. Jirgin da aka ƙera da tazarar mai oza 16, ka sa masa 24, murfin ba zai rufu ba sai an rage katakon. Ko da mai 20 ne, ka bar tazarar kamar milimita 6 a kowane gefe, kuma ka gwada da ƙyalle biyu na kafet ɗin kafin ka shafa gam.

Launi: toka-toka mai ɗan duhu. Baƙi yana ƙona tafin ƙafa da rana tsaka, fari kuma jinin kifi ɗaya ya gama da shi.

Abin da ke ƙarƙashin kafet ya fi kafet ɗin kansa muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Filawud mai milimita 12 ya isa ƙasa idan akwai madogara kusa-kusa, dandamali da murfi kuma 18. A shafe shi da efoksi, wani ruwan gam mai daskarewa ya hana ruwa shiga katako, sau biyu, gaba da baya, a ƙara na uku a gefuna da ramukan ƙusa, don ta nan ruwa ke shiga. Kada a kuskura a ɗora katakon da aka jiƙa da maganin ruɓa mai jan ƙarfe a kan alminiyom. Idan damshi ya haɗa su, jan ƙarfen yana cin alminiyom har ya huda shi, kafet kuma ya rufe ɓarnar ba a gani sai ruwa ya fara shigowa.

Gam iri biyu ne. Mai ruwa, wanda ake shimfiɗawa da cokalin gini mai haƙoran milimita 3, galan ɗaya yana rufe kusan mita murabba'i 8. Yana ba ka lokacin gyara kafet, amma sai ruwan cikinsa ya samu hanyar fita, don haka a kan alminiyom ko katakon da aka shafe da efoksi yana daɗewa bai kama ba. A irin wannan wurin, da gefuna da bango, gam irin na masu takalmi ya fi: a shafa fuska biyu, a jira ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Yana kamawa nan take, ba a ɗagawa a gyara. Tururinsa na kama wuta, gam ɗin kuma yana narkar da farin soson da ke hana jirgi nutsewa, sai a kiyaye. A goge wurin da sanfefa mai lamba 80, a share ƙura da maiƙo tukuna. Gam in ya yi yawa yana ɓullowa ta cikin gashi ya daskare, in ya yi kaɗan kafet ya kumbura bayan 'yan makonni. A bi da rola daga tsakiya zuwa gefe, a bar shi kwana biyu a inuwa ba ruwa.

Wajen yanka, gashin kafet yana da inda ya kwanta. Ka zana kibiya da alli a bayan kowane yanki kafin ka raba shi da naɗin, duka su fuskanci gaban jirgi. Yanki ɗaya ya juya, a rana sai ka rantse launinsa daban ne. Ka ƙara santimita 8 a kowane gefe don naɗewa, ka yanka ta baya da sabuwar reza, ka kama ƙasan da fil ɗin bindiga na ƙarfe marar tsatsa. Irin na masu kujerun kushin yana tsatsa ya saki. Jirgi mai ƙafa 14 da dandamali biyu yakan ci ƙafa 20 zuwa 25 na mai faɗin ƙafa 6, amma awon jirginka shi ne hujja. Wurin tankin fetur a bar shi ba kafet, domin fetur na narkar da gam da robar baya. Kada kuma a toshe hanyar da ruwa ke bi zuwa baya.

Tsakiyar jirgi ita ce inda ba mu ba da shawarar manna kafet ba, musamman ga mai kama tarwaɗa. Yauƙinta da jini da ɓawon karfasa suna shiga gindin gashi, ƙarnin kuma ba ya fita da wanki ɗaya. Ledar jirgi mai gurza-gurza ta fi a nan, bokitin ruwa ɗaya ta yi fes, sai dai ta fi zafi a rana kuma ba ta kashe ƙarar taku kamar kafet, abin da ke da muhimmanci a jirgin alminiyom cikin ruwa marar zurfi. Soso mai mannewa irin na SeaDek yana da taushi, ba ya santsi, amma ya fi tsada kuma ƙayar kifi da wuƙa suna yaga shi. Wanda ya nace sai kafet, ya sa mai maɓalli da ake ɓallewa a wanke a shanya. Kwale-kwalen katako na masu taru da kalli, irin na Kainji ko Tafkin Chadi, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu: kafet zai riƙe damshi a jikin katako, ya ɓoye yoyo, ya hana kwarfar ruwa.

Bayan kowace fita a kora yashi da tiyo, don yashi ne ke yanke gashi daga gindi. Sabulu da buroshi mai taushi sun isa. Injin wanki mai ƙarfin feshi, in an matso da shi kusa, yana ɗaga gefuna. A ɗaga gaban jirgi, a cire toshiyar baya, a buɗe murafai su sha iska, kuma kada a rufe da tamfol sai kafet ya bushe sarai.