Presostar KP 15 ta Danfoss a zafin Garwa: abin da ta iya da inda take ba ni haushi

Aikina gyaran injinan sanyi ne a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, daga ɗakunan ajiye kifi da nama har injinan ƙanƙara. Duk wanda ya kira ni in haɗa masa sabon inji, za mu iya yin ciniki a kan komai, a rage tsawon bututu, a sa ƙofar da ba ta kai tsada ba, amma ban da presosta, wato na'urar da ke yanke wa inji wuta in matsin gas ya yi yawa ko ya yi ƙasa sosai. Wadda na fi sa wa mutane ita ce KP 15 ta kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak. Ban ce babu wata mai kyau sai ita ba. Ita ce dai hannuna ya saba da ita, kuma ita ce ba ta wuyar samu a wajen masu kawo kaya daga Duwala.

'Yar akwati ce, ta ɗan fi tafin hannu, da bakin bututu biyu a ƙasanta, kowanne rubu'in inci. Ɗaya ana haɗa shi da ɓangaren da kwampiresa, wato famfon da ke matsa gas, ke zuƙo gas, shi ne ɓangaren ƙasa mai ƙaramin matsi; ɗayan da ɓangaren da take turo shi, shi ne ɓangaren sama mai babban matsi. A ciki kowane baki yana da wata 'yar jakar ƙarfe mai ninki-ninki, tana buɗewa tana tsukewa kamar zugazugin maƙeri. Gas ya tura jakar, jakar ta tura sanda, sifirin kuma yana danne sandar daga sama. A ɓangaren sama, da zarar ƙarfin gas ya rinjayi sifirin, sai ka ji ƙas! bakin wuta ya rabu; a ɓangaren ƙasa kuwa sai gas ya yi rauni sifirin ya rinjaye shi yake rabuwa. Wayar da ke riƙe da kontakta, wato makunnin da ke ba inji wuta, ta cikin wannan baki take bi, don haka kontakta ta saki, inji ya tsaya. Babu batir a ciki, babu allon lantarki, babu abin da ke jiran wuta kafin ya ji matsi. Ko wayar ce ɓera ya ci ta katse, injin tsayawa zai yi, ba ci gaba da gudu babu mai tsaro ba.

Da bar ake auna matsi: ɓangaren ƙasa ana iya saita shi daga bar 0.2 ƙasa da sifili zuwa bar 7.5, tazararsa kuma, wato ratar da ke tsakanin inda take yankewa da inda take kunnawa, daga 0.7 zuwa 4. Shi ne ke tsayar da inji in gas ya zube ko bututu ya toshe. Ɓangaren sama daga bar 8 ne zuwa 32, tazararsa bar 4 ce a kafe, ba a taɓa ta. A garinmu ɓangaren saman nan shi ne ke cin wuya.

Mafi yawan ɗakunan daskarewa da nake kula da su gas ɗin R404A suke sha. Wannan gas, in yana komawa ruwa a cikin kondansa, wato inda yake zubar da zafinsa, a kan digiri 45, agogon awon matsi zai nuna maka wajen bar 19 da rabi. In ya kai digiri 55, kana gab da bar 25. To a watan Maris da Afrilu iskar waje kanta tana haura digiri 40 a inuwa, kondansa kuwa dole ta fi iskar da ke fifita ta zafi da digiri 10 ko fiye kafin ta iya zubar da zafinta. Ka ga ke nan inji mai cikakkiyar lafiya ma, da azahar, a saman bar 22 yake yawo. In na saita yankewa a kan 27 ko 28, gwargwadon abin da masu ƙera kwampiresar suka yarda, ratar da ta rage ba ta da yawa. Ƙura kaɗan, ko fanka ta yi sanyin gudu saboda wuta ta yi rauni, ta cinye ratar. Kuma a daidai wannan lokaci ne ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, wutar da injinanta masu megawat 72 ke ba arewacin ƙasar nan ta ragu, kowa ya koma kan janareta. A 2023 da 2024 da 2025 azumi ma a cikin wannan zafi ya faɗo, masu ƙanƙara ba sa barin inji ya huta ko na sa'a ɗaya.

KP 15 iri-iri ce, kuma a nan ne masu saye suka fi yin tuntuɓe, domin a ido duk kamarsu ɗaya. Akwai wadda in ta yanke saboda matsi ya yi yawa, da ya sauka da bar 4 sai ta mayar da wuta da kanta. Akwai wadda za ta tsaya cik sai mutum ya zo ya danna maɓalli da hannunsa, shi ma maɓallin ba zai kama ba sai matsin ya sauka. Lambar ta farko 060-124166, ta biyun 060-124366. Lamba ɗaya ce ta raba su a jikin kwali, amma ni ta biyun kaɗai nake sa wa ɗakin da babu ma'aikaci mai ilimin abin a kusa. Mai dawowa da kanta, in fanka ta mutu da daddare, haka za ta kwana: inji ya tashi, matsi ya hau, ta yanke, ya huce, ta mayar, ya sake tashi. Kowane tashi kuwa kwampiresa tana jan wuta ninkin abin da take ja in tana gudu sau da yawa, man cikinta yana ƙonewa yana baƙi. Gari na wayewa sai a kira ka a ce inji ya mutu haka kawai. A ɓangaren ƙasa ban damu ba ta riƙa dawowa da kanta, don sau da yawa da shi ake tsayar da inji a tayar a aikin yau da kullum.

Masu inji ba sa son mai maɓallin, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Wani Alhaji mai ajiye kifin Lagdo ya kira ni da rana tsaka, ransa a ɓace.

"Malam, abin nan da ka liƙa mini shi ke kashe mini inji. Yaro ya danna ya tashi, jim kaɗan ya sake mutuwa. Ka cire shi kawai, kifi zai lalace."

Na ce, "Allah ya huci zuciyar Alhaji, mu zaga baya tukuna mu gani."

Muka zaga. Kondansa ta toshe da ƙurar hunturu da burbushin audugar da ke tashi daga manyan motoci lokacin jigila, ga leda baƙa ta manne a gefe, ga fanka ɗaya cikin biyu a tsaye, kapasitarta ta kumbura. Muka wanke, muka canja kapasita, allurar agogo ta sauko. Alhaji ya daɗe yana kallon ledar nan bai ce komai ba, sannan ya juya ya ce wa yaronsa daga yau in abin ya yanke kada ya kuskura ya danna sai ya zaga baya ya ga fankoki suna juyawa. Da ma wannan ne raunin mai maɓalli: in akwai yaro mai saurin hannu a wurin, ta koma daidai da mai dawowa da kanta.

Abin da Alhaji ya nema, wato a cire ta, akwai masu gyara da ke yi wa mutane shi ba tare da musu ba. Ba ma cirewa suke yi ba, murfi suke buɗewa su haɗa wayoyin biyu kai tsaye su mayar da murfin, akwati na nan a bango kamar tana aiki. Duk injin da na gada daga hannun wani, kafin in taɓa komai wannan murfin nake fara buɗewa. Gaskiya ina samun gadar wayar fiye da yadda zan so, wani lokaci har ta yi tsatsa saboda daɗewa.

Ana tambayata me ya sa ban koma wa na zamani ba, masu aika awo zuwa allo su nuna maka lamba. Ina sa su, kuma suna da daɗin aiki, ka tsaya a ƙofa ka karanta matsi ba ka ɗaura agogo ba. Sai dai allon yana rayuwa ne da tsabtatacciyar wuta, mu kuwa tamu takan zo da hauka, ga tsawar damina, ga janaretan da ba a daidaita ba. Ko na sa allo, sai na bar ta ƙarfen a bayansa, a saita ta sama kaɗan, ta zama ita ce mai maganar ƙarshe.

Yanzu inda take ba ni haushi. Ma'aunin da ke jikin tagarta na nuni ne kawai, layukansa sun yi nisa da juna, ba za ka kalle shi ka rantse cewa a kan 27 ka tsaya ba. Dole ka ɗaura agogon gas ka gwada. Sannan yadda ake saita ɓangarorin biyu ya saɓa: a sama lambar da ka zaɓa ita ce inda za ta yanke, a ƙasa kuwa lambar ita ce inda za ta kunna, sai ka cire tazara kafin ka san inda za ta yanke. Yaran da nake koya wa aiki nan suke rikicewa kullum. Misali in kana so ta yanke a bar 0.5 ta kunna a bar 2, sai ka sa 2 a babban ma'auni, 1.5 a na tazara.

Na biyu, akwatin ba a yi shi don ƙurarmu ba. Matakin kariyarsa IP30 ne, in an sa masa murfin sama ya kai IP44, mai IP55 kuma akwati ne daban da za ka saya da kuɗinka. A wurin da hazo ke shiga ko'ina, ga gizo-gizo da zanzaro masu son kowane rami, wannan murfin bai kamata a ce sai an nema ba. Ni dai ina kafa ta a cikin inuwa, a jikin bango ko allon ƙarfe, ba a jikin kwampiresa ba inda girgiza za ta gajiyar da ita, kuma sama da kwampiresar don kada mai ya gangaro ya taru a cikin jakar. Siririn bututun da ke zuwa gare ta ina naɗe shi zagaye biyu ko uku ya shanye bugun gas. Wajen ɗaure goro kuma sifana biyu ake sawa, ɗaya ta riƙe ɗaya ta juya, in ba haka ba sai ka murɗe bakin tun ba a fara aiki ba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Jakar ɓangaren ƙasa bar 17 aka yi ta ta ɗauka a aiki, bar 20 a gwaji. Mai neman yoyo da iskar naitirojin, in ya cika dukan inji da bar 25 bai kwance wannan bututu ba, ya wahalar da jakar, daga nan saitinta ba zai ƙara zama daidai ba ko da ba ta fashe ba.

Jabu kuwa sun cika kasuwa, da jan tambari da kwali da komai. An taɓa kawo mini wata da mai inji ya sayo da kansa a wani shago saboda ko rabin kuɗin ba ta kai ba. Araha ba ta ado. Na ɗaura agogo na gwada ta a gabansa, kowane gwaji da inda take yankewa, wani ya wuce 30 ba ta motsa ba sai da na kashe injin da hannuna. A hannu ta fi ta gaske sauƙin nauyi, ƙarar yankewarta kuma a sanyaye take. Tun daga nan ba na ɗaura wadda ban san hanyar da ta biyo ba, kuma ina gaya wa mai shago tun a gaban kanta cewa zan gwada, in ta saɓa zan dawo masa da ita.

Ba kowane inji ta dace da shi ba. Mai gas ɗin R410A matsinsa ya fi ƙarfinta, KP 6 ake sa masa, mai kaiwa bar 42. Manyan masana'antu masu aiki da amoniya suna buƙatar irin da ke da harafin A a ƙarshen sunanta, mai jakar ƙarfen da ba ya tsatsa, domin amoniya tana cin tagulla. Wanda kuma ke son ƙarin tsaro ya nemi KP 17, mai jaka biyu ɗaya cikin ɗaya a ɓangaren sama, in ta cikin ta fashe inji tsayawa yake yi gas bai zube waje ba.

Gwajin da nake yi kafin bazara ta kama ba ya cin lokaci. In ɗaura agogo a ɓangaren sama, in rufe fuskar kondansa da kwali, hannuna ɗaya a kan makashin wuta, idona a kan allura. Ta yanke a inda na saita, in cire kwalin, in jira matsi ya sauka, in danna. Na ƙasa kuma in rufe bawul ɗin tankin ruwan gas in bar inji ya zuƙe har ta yanke. Lambobin biyu da kwanan wata ina rubuta su da maka a cikin murfin, don wanda zai buɗe bayana ya san inda aka bar ta.