Rolls-Royce da Bentley: 'yan gida ɗaya, hali daban

Kamfanonin motocin alfarman nan biyu duk a Ingila aka haife su, har sun yi shekara 67 ƙarƙashin mai gida ɗaya, amma halinsu ya sha bamban.

Rolls-Royce ce babba. Charles Rolls da Henry Royce sun haɗu a Manchester a 1904, suka kafa kamfani a 1906. Tun daga tsohuwar motarta Silver Ghost sunanta ya ginu kan tafiya ba ƙara, ba jijjiga. Mota ce ta wanda ake tuƙawa. Ƙofar bayan motarta Phantom ta baya take buɗewa, don mai gida ya sauko cikin ƙasaita, kuma akwai laima a soke cikin jikin ƙofar. Ko wa ya damu da laima bayan ya biya wannan kuɗi, oho.

Ita kuwa Bentley, wadda W. O. Bentley ya kafa a 1919, a filin tsere ta yi suna: ta lashe gasar Le Mans ta Faransa a 1924, sannan sau huɗu a jere daga 1927 zuwa 1930. Kofuna ba su hana ta karyewa ba, Rolls-Royce ta saye ta a 1931. Daga baya ta zama kusan Rolls-Royce da aka sauya wa tambari, abin da ya dusashe mata suna a ganina.

A 1998 aka raba gari. Volkswagen ta samu Bentley da masana'antar da ke garin Crewe, BMW ta tafi da sunan Rolls-Royce, ta fara ƙera ta a Goodwood a 2003. A 2003 ɗin ne Bentley ta sake cin Le Mans, ta kuma fitar da Continental GT don mai son riƙe sitiyari da kansa.